Yaya zan sa rubutu ya riƙa tafiya a kan hoto, kuma ya karantu?

Nasiru:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ya tsaya mini tun shekaranjiya. Ina haɗa shafin farko na intanet na wata ƙungiya, kuma sun buƙaci a sa babban hoto a sama, sannan sanarwa ta riƙa tafiya a kansa daga dama zuwa hagu, kamar yadda labarai suke wucewa a ƙasan allon talabijin. Na yi amfani da marquee, alamar HTML mai sa rubutu tafiya, rubutun kuwa ya tafi, amma ya ƙi hawa kan hoton, sai ya tsaya a ƙarƙashinsa. Da na ba shi margin-top na -60px ya hau daidai a kwamfuta, amma a waya sai ya haura har tsakiyar hoton. Matsala ta biyu ita ce rubutun fari ne, a gefen hagu na hoton kuma akwai farin bango, saboda haka da zarar kalmomin sun iso wurin sai su ɓace, ba a sake ganinsu. Don Allah wanda ya san hanyar da ta dace ya taimaka.

Malam Auwal:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Dalilin da ya sa abin ya ƙi zama shi ne kana jan rubutun sama da ƙiyasi, alhali tsayin hoton yana canjawa da faɗin allo, fiksel 60 ɗin kuma ba ya canjawa. Abin da ake yi shi ne a sa hoton da rubutun a cikin akwati guda. Ka ba akwatin position: relative, ka ba layin rubutun position: absolute tare da bottom: 0 da left: 0 da right: 0. Da haka layin zai riƙa auna matsayinsa daga gefunan akwatin, ko hoton ya yi girma ko ya ƙanƙance yana nan manne a ƙasansa. Ka ƙara overflow: hidden a kan layin domin abin da ya wuce gefe ya ɓuya, idan ba haka ba shafin zai riƙa zamewa hagu da dama a hannun mai waya. Shi kuma rubutun da ke ciki ka ba shi white-space: nowrap domin kada ya karye ya koma layi biyu.

Game da tafiyar, ina ba ka shawarar ka ajiye marquee ka koma CSS, harshen da ake tsara kamannin shafi da shi. Za ka rubuta @keyframes guda ɗaya wanda ke gusar da rubutun da transform: translateX, ka haɗa shi da animation mai linear da infinite. Kalmar linear tana da muhimmanci, domin idan ka bar ta, burauza za ta yi amfani da ease, wato rubutun ya tashi a hankali, ya yi gudu a tsakiya, ya sake lafawa a ƙarshe, kuma ido ba ya iya bin layin da saurinsa ke canjawa.

Sadisu:
Malam Auwal, ina tare da kai a batun akwatin, amma ban gamsu da cewa dole ne a ajiye marquee ba. Har yau tana aiki a Chrome da Firefox da Safari, layi ɗaya ce kacal, tana da scrollamount da scrolldelay na daidaita sauri, tana da direction na juya alkibla, har ma tana da stop da start da mutum zai iya kira ya tsayar da ita. Mai aikin da bai daɗe da farawa ba, me zai sa a ɗora masa layuka ashirin a kan abin da layi ɗaya ke yi?

Malam Auwal:
Gaskiyarka, Malam Sadisu, tana aiki, kuma ba na jin za ta daina gobe ko jibi. Kamfanin Microsoft ne ya shigo da ita a Internet Explorer a tsakiyar shekarun 1990, shafuka masu ɗimbin yawa suka ɗauke ta, shi ya sa ƙa'idar HTML ta yanzu ta ci gaba da bayyana wa masu ƙera burauza yadda za su nuna ta. Amma ita wannan ƙa'idar ce kuma ta lissafa ta cikin tsofaffin alamomin da ta hana masu rubuta shafi amfani da su, ta ce a koma CSS. Ƙawarta blink mai sa rubutu ƙyaftawa, wadda Netscape ya kawo, ta yi zamaninta, sai Firefox ya daina kula ta a fitowarsa ta 23 a shekarar 2013.

Ban da wannan ma, akwai abin da marquee ba ta yi da kanta. Sai rubutun ya fice gaba ɗaya ta hagu kafin ya sake leƙowa ta dama, saboda haka akwai lokacin da layin zai kusan zama fanko, mai karatu yana jira. Da CSS kana iya sa wutsiyar sanarwar tana fita farkonta yana biye da ita, babu giɓi. Wannan bambancin ya isa ya biya kuɗin wahalar layuka ashirin ɗin.

Mansur:
Ni a ganina a sauƙaƙa wa kai. Me zai hana a haɗa hoton da rubutun a manhajar gyaran hoto, a fitar da shi a matsayin GIF mai motsi? Ko'ina aka buɗe shi iri ɗaya zai fito.

Malama Zainab:
Malam Mansur, wannan hanyar ita ce na fi jin tsoro a duk waɗanda aka ambata. GIF ba ya ɗaukar fiye da kala 256 a firam guda, wato hoto ɗaya daga cikin jerin da ke yin motsin, saboda haka hoto mai kyau zai fito da tabo-tabo, nauyinsa kuma zai ninka sau da yawa domin tafiyar rubutun tana buƙatar firam masu yawa. Sannan rubutun ya zama hoto ke nan: ba a iya kwafe shi, ba a iya ƙara girmansa shi kaɗai, manhajar da ke karanta wa makafi allo ba za ta gan shi ba, a waya kuma zai ƙanƙance tare da hoton har ya zama kamar tururuwa. Duk ranar da aka canja kwanan watan taro, sai an sake haɗa fayil ɗin daga farko.

Amma ina so in mayar da mu ga wata tambaya da ba a yi ba tukuna. Malam Nasiru, mene ne a cikin sanarwar? Idan akwai rana da lokaci da lambar da mutum zai rubuta, to rubutu mai tafiya shi ne wuri mafi muni da za a ajiye su. Na taɓa zama kusa da wani dattijo yana karanta irin wannan layin a wayarsa. Yana bin kalmomin da yatsa, leɓunansa suna motsi, da ya kai kan kwanan watan sai lambar ta shige gefe kafin ya gama haɗa ta. Ya jira ta zagayo, ta sake kufce masa, a karo na uku ya miƙo mini wayar ya ce in karanta masa. Tun daga ranar ba na sa wani muhimmin bayani a layi mai tafiya sai na tabbatar akwai shi a tsaye a wani wuri a shafin.

Nasiru:
Malama Zainab, akwai ranar taro da lokacinsa a ciki, kamar kin gani. Na gwada faɗa musu a bar rubutun a tsaye, amma sun ce motsin suke so domin shi ne ke jan ido. Ba ni da ikon hana su, sai dai in yi shi yadda zai fi amfani.

Malama Zainab:
To madalla, ai ba sai an yi jayayya da su ba. Ka ba su motsinsu, ka kuma maimaita ranar da lokacin a tsaye a ƙarƙashin hoton. Bayan haka akwai sharaɗi guda da bai kamata ka tsallake ba. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar domin shafuka su amfani masu larura, sun ce a sashe na 2.2.2 duk abin da ke motsi ko tafiya, wanda ya fara da kansa, ya wuce sakan biyar, kuma yana tare da wasu abubuwan a shafi, dole ne a bai wa mutum hanyar dakatar da shi ko tsayar da shi ko ɓoye shi. Wannan sharaɗin yana cikin fitowar 2.0 tun shekarar 2008, kuma a mataki na A yake, wato mafi ƙarancin abin da ake nema. Layinka ya cika duk waɗannan siffofin, saboda haka yana buƙatar maɓallin dakatarwa.

Sadisu:
Wannan ai mai sauƙi ne. A sa animation-play-state: paused a ƙarƙashin hover, da mutum ya ɗora linzami a kan layin sai ya tsaya. Ban ga buƙatar cika hoton da maɓallai ba.

Malama Zainab:
Hakan yana da kyau a matsayin ƙari, Malam Sadisu, amma bai wadatar ba. Mai waya ba shi da linzami, yatsa ne kawai, kuma yadda wayoyi suke fassara taɓawa zuwa hover ba abin dogaro ba ne. Wanda ke tafiyar da shafi da madannan kibod kaɗai shi ma ba zai iya kaiwa gare shi ba. Sannan wanda motsin ke raba wa hankali yayin da yake karanta wani sashe na shafin yana so abin ya tsaya ya ci gaba da tsayuwa, ba wai ya ajiye linzaminsa a wurin yana gadi ba. Ƙaramin maɓalli ne a kusurwar layin, a yi shi da ainihin alamar button domin kibod ya kai gare shi, a rubuta masa "Dakatar", idan an danna ya koma "Ci gaba".

Akwai kuma mutanen da motsin allo ke sa wa jiri ko tashin zuciya, kuma da yawansu sun riga sun kunna saitin rage motsi a wayarsu ko kwamfutarsu. CSS yana iya jin wannan saitin ta hanyar prefers-reduced-motion. Idan ƙimarsa reduce ce, sai ka kashe tafiyar gaba ɗaya. Mutum ya riga ya faɗi abin da yake so tun kafin ya shigo shafinka, abin da ya rage shi ne ka saurare shi.

Sadisu:
Na karɓi wannan. Batun mai waya ya ishe ni hujja.

Nasiru:
Na gode ƙwarai. Na sake ginin kamar yadda Malam Auwal ya faɗa, layin ya zauna daram a ƙasan hoton a waya da kwamfuta. Na kuma yi kwafi biyu na sanarwar a jere domin in kawar da giɓin, amma duk lokacin da ta zagayo sai in ga ta yi ɗan tsalle, kamar an fizge ta. Na kalla fiye da sau goma, a wuri ɗaya take yin sa.

Malam Auwal:
Ina kyautata zaton na san inda matsalar take. Dabarar kwafi biyu ta dogara ne a kan lissafi guda: idan layin ciki ya ƙunshi kwafi biyu masu faɗi ɗaya, aka gusar da shi hagu da rabin faɗinsa, wato translateX na -50%, to kwafi na biyu zai tsaya daidai inda na farko ya fara, sai zagayen ya koma farko ba tare da ido ya lura ba. Ka tuna cewa kashi cikin ɗari a translateX ana auna shi ne da faɗin abin da ake gusarwa, ba da faɗin akwatin da yake ciki ba, saboda haka layin cikin yana buƙatar width: max-content domin faɗinsa ya zama ainihin faɗin rubutun.

Yanzu duba yadda ka raba kwafin biyu. Idan ka sa gap na fiksel 40 a tsakaninsu, to giɓi ɗaya ne kawai a cikin layin, kuma rabin jimillar faɗin zai zama kwafi ɗaya da fiksel 20, alhali kwafi ɗaya da fiksel 40 ake buƙata. Wannan fiksel 20 da ya rage shi ne tsallen da kake gani. Ka cire gap ɗin, ka ba kowane kwafi padding-right na fiksel 40, sai su zama tagwaye sak. Ka kuma tabbatar kowane kwafi bai gaza faɗin akwatin ba, domin idan sanarwar gajera ce a babban allo, kwafi biyu ba za su rufe layin ba har ƙarshen zagaye.

Wani abu kuma, tun da muna kan maganar santsin tafiya: kada ka gusar da rubutun da left ko margin-left. Waɗannan suna tilasta wa burauza ta sake lissafin tsarin shafi a kowane firam, kuma a allo mai firam 60 a sakan kusan milisakan 16 kawai take da shi ta gama komai. Shi transform ba ya taɓa tsarin shafi, shi ya sa ko a waya mara ƙarfi yake tafiya sumul.

Malama Zainab:
Tun da an yi kwafi biyu, a sa aria-hidden="true" a kan na biyun, idan ba haka ba manhajar karanta allo za ta karanta wa makaho sanarwar sau biyu a jere. Idan kuma akwai mahaɗin da ake dannawa a cikin sanarwar, ya fi kyau a fitar da shi daga layin mai tafiya gaba ɗaya, domin danna abin da ke gudu wahala ne ga kowa.

Rukayya:
Ina bin wannan muhawarar tun farko, kuma ina da tambaya a kan sauri. Na taɓa sa sakan 20 a irin wannan layin, ya yi daidai, amma da aka ƙara tsawon sanarwar sai ta riƙa gudu har ba ta karantuwa, alhali ban taɓa komai a saitin ba. Mene ne ya jawo hakan?

Malam Auwal:
Malama Rukayya, abin da kika saita lokaci ne, ba sauri ba. Idan kwafi ɗaya yana da faɗin fiksel 1200 kuma aka ba shi sakan 20, yana tafiyar fiksel 60 a sakan. Idan sanarwar ta ƙaru zuwa fiksel 3000 kuma lokacin yana nan a sakan 20, saurin ya zama fiksel 150 a sakan. Maganin shi ne a zaɓi saurin tukuna, sannan a fitar da lokacin daga gare shi: a auna faɗin kwafi ɗaya da ɗan JavaScript, a raba shi da saurin da ake so, a sa amsar a animation-duration. Domin kwatance, marquee idan ba a taɓa saitinta ba tana gusawa fiksel 6 a kowane milisakan 85, wato kusan fiksel 70 a sakan. Ni nakan fara ƙasa da haka, in bai wa wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta da murya, domin wanda ya rubuta sanarwa da hannunsa ba zai taɓa jin ta yi sauri ba.

A yi awon bayan nau'in haruffan ya gama sauka, wanda document.fonts.ready ke sanarwa, domin faɗin rubutu yana canjawa idan haruffa suka canja. Wanda kuma ya zaɓi ya tafiyar da layin da requestAnimationFrame na JavaScript, kada ya ce a gusa fiksel ɗaya a kowane firam, domin a wayar da allonta ke yin firam 120 a sakan rubutun zai ninka gudu. Da lokacin da ya shuɗe ake lissafi.

Rukayya:
Na gane yanzu, na gode. Bari in ƙara abin da na ci karo da shi ni ma, tun da an ambaci haruffa. Idan sanarwar da Hausa ce, a gwada ta da kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ kafin a saki shafin. Nau'o'in haruffa da yawa ba su da waɗannan, sai burauza ta aro su daga wani nau'in, ka ga kalmar "ƙungiya" harafinta na farko ya fi sauran kauri ko ya ɗan nutse ƙasa, kuma a manyan haruffa a kan hoto abin yana fitowa fili. A tabbatar kuma an bayyana UTF-8, tsarin haruffan da ya ƙunshi waɗannan, a kan shafin. Idan da Ajami ko Larabci aka rubuta, sai a juya alkiblar tafiyar ta zama daga hagu zuwa dama, domin farkon jimlar ne ya kamata ya fara shigowa.

Nasiru:
Tsallen ya tafi, gap ɗin ne kuwa. Saura farin bangon nan. Na sa text-shadow, ya ɗan taimaka, amma har yanzu idan na fita waje da wayar ba na ganin kalmomin sosai a wurin.

Malama Zainab:
Inuwa tana gyara gefen harafi ne kawai, ba ta canja abin da ke bayansa. Rubutu mai tsayuwa kana iya zaɓar masa wuri mai duhu a hoto, amma mai tafiya zai bi ta kan kowane sashe, saboda haka da wuri mafi haske za ka yi lissafi. WCAG tana neman bambancin haske na 4.5 da 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 da 1 ga manyan haruffa. Ka shimfiɗa baƙin zirin da ake hango hoto ta cikinsa a bayan rubutun. Idan duhunsa kashi 50 cikin 100 ne, a kan farin bango zai zama ruwan toka wanda bambancinsa da farin rubutu bai kai 4 da 1 ba, wato ya gaza ga rubutu na yau da kullum. Idan ka kai shi kashi 60, bambancin zai kai wajen 5.7 da 1, ya wuce abin da ake nema ko da a wuri mafi haske. Ka sa duhun a kalar bayan zirin, kada ka sa opacity a kan layin gaba ɗaya, domin hakan zai dusashe rubutun tare da zirin.

Nasiru:
Na sa kashi 60, kuma kalmomin suna fitowa tar a kan bangon. Maɓallin dakatarwa yana aiki da yatsa da kibod. Abu ɗaya ya rage: da na kunna saitin rage motsi a wayata domin gwaji, rubutun ya tsaya kamar yadda ake so, amma rabin sanarwar ya yanke a gefen dama, ranar taron ma tana cikin abin da ya ɓuya.

Malama Zainab:
Saboda ka kashe tafiyar ne ka bar sauran saitin da aka yi domin tafiyar. A cikin wannan sashe na prefers-reduced-motion ka mayar da white-space zuwa normal, ka mayar da width zuwa auto domin rubutun ya karye ya sauka layi biyu ko uku, ka ɓoye kwafi na biyu da display: none, ka ɓoye maɓallin ma tun da babu abin da zai dakatar. Idan sanarwar ta yi tsawon da za ta rufe hoton a ƙaramin allo, ka mayar da layin position: static ya sauka ƙarƙashin hoton.

Nasiru:
Na yi hakan, sanarwar ta fito cikakkiya a layi uku, kuma na bar ta a ƙarƙashin hoton domin kada ta rufe fuskokin mutanen da ke ciki. Gobe zan bai wa mutum biyu daga cikin 'yan ƙungiyar su karanta da murya, idan fiksel 50 a sakan ya yi musu sauri in ƙara ragewa. Allah ya saka muku da alheri.